Abuja ba a daji aka gina ta ba

Har yau ina jin mutane a kasuwar Wuse suna cewa kafin zuwan gwamnati, Abuja kungurmin daji ce, babu kowa sai birai. Maganar nan tana ci mini rai, don ba haka abin yake ba.

Ɗauko takardar naira 20 ka duba. A gabanta akwai Janar Murtala Muhammad, wanda ya sanar da kafa sabon babban birni ranar 3 ga Fabrairun 1976, kwana 10 kafin a kashe shi. Ya cancanci yabo, babu ja. To, juya bayanta. Matar da ke ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, Bagwariya daga garin Kwali, wanda yake cikin wannan yanki da ake cewa babu kowa.

Gwari, masu kiran kansu Gbagyi, da Koro da Gade da Gwandara da Bassa sun daɗe a nan da gonakinsu na doya da kaburburan kakanninsu. Garki da Wuse sunayen ƙauyukansu ne. Mutanen Wuse ma kwashe su aka yi zuwa Sabon Wuse a jihar Neja.

Sunan kansa na aro ne. Abuja ta asali ita ce Suleja ta yau, garin da Abu Ja, ɗan gidan sarautar Zazzau, ya kafa a 1828.