Jarrabawar AKT a Birtaniya: ta ina za a fara shiri?

Wace jarrabawa ce AKT?

AKT (Applied Knowledge Test) jarrabawa ce ta gwada amfani da ilimin likitanci. Kwalejin RCGP, ta likitocin GP na Birtaniya, ce ke shirya ta ga likitocin da ke horon zama GP, likitan da marar lafiya ke fara gani kafin a tura shi babban asibiti. Tana cikin matakai uku na samun shaidar MRCGP, wato shaidar zama mamban kwalejin. A kwamfuta ake yin ta, a cibiyoyin kamfanin jarrabawa na Pearson VUE, kuma ana iya zama tun shekara ta biyu ta horo. Daga Oktoban 2025 tambayoyi 160 ne cikin minti 160. Ba a rage maki don an amsa ba daidai ba, saboda haka kada a bar tambaya ko ɗaya babu amsa.

Me ake tambaya?

Kashi 80 cikin ɗari kan cututtuka ne da magani. Kashi 10 lissafin bincike, kashi 10 dokoki da tsarin aiki. A ganina, wannan kashi 20 ɗin ne ya fi cin mutane, musamman wanda ya yi karatunsa a Najeriya. Ya san shanyewar ɓarin jiki ciki da waje, amma ya san hukumar lasisin tuƙi ta DVLA ta hana mai ƙaramar mota tuƙi na wata guda bayan cutar ta same shi? Ya san ma'aikaci ba ya buƙatar takardar likita a kwana bakwai na farkon rashin lafiya? Waɗannan dokokin ƙasar ne, sai an zauna an karanta su.

Lissafin fa, ba shi da wuya?

Tsoronsa ya fi shi girma. A ce magani ya rage haɗarin cuta daga kashi 10 zuwa 6. Bambancin 4 ne. Raba 100 da 4, ka sami 25: mutum 25 za a bai wa maganin kafin ɗaya ya tsira daga cutar. Irin wannan, in aka maimaita a takarda na 'yan makonni, maki ne a aljihu.

Tarin tambayoyin gwaji na intanet sun wadatar?

A'a. Amfaninsu su nuna maka inda kake da giɓi. Duk tambayar da ka faɗi, koma ga jagororin NICE, hukumar da ke fitar da ƙa'idojin magani, da littafin magunguna na BNF ka ga dalili. Kwalejin ma tana fitar da rahoto bayan kowane zama, tana bayyana fannonin da masu jarrabawa suka yi rauni. Kyauta ne, amma da yawa ba sa leƙa shi.

Yaushe za a fara?

Wata uku zuwa huɗu kafin ranar, kaɗan-kaɗan kullum. Marar lafiyar da ka gani da safe, ka karanta jagorar cutarsa da dare.