Ciwon daji: tambayoyin da na gaji da amsawa

Daga Agege har Idi-Araba, duk majalisar da na zauna aka ji a asibiti nake aiki, tambayoyin nan ne dai. Bari in rubuta su, kowa ya huta.

Sammu ne ko jifa?

Ko ɗaya. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinka tana ɗauke da rubutun gado, wato DNA, mai gaya mata lokacin rabuwa biyu da lokacin mutuwa. In kurakurai suka taru a rubutun, sai ta yi ta hayayyafa ba birki. Wani Bajamushe, Theodor Boveri, ya hango haka tun 1914, kuma yawancin masana a kan wannan turbar suke har yau.

Ana ɗauka?

Ba a ɗauka. Don Allah ku daina ware wa mara lafiya kwano. Abin da ake ɗauka wasu ƙwayoyin cuta ne masu share wa daji hanya: HPV mai jawo sankarar bakin mahaifa, da ciwon hanta nau'in B. Wani masani, Peyton Rous, ya nuna irin wannan a jikin kaji a 1911, sai 1966 aka ba shi kyautar Nobel. Tun Oktoban 2023 Najeriya ke yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV, amma ku ne kuke ɓoye 'ya'yanku, wai za a hana su haihuwa.

An ce sikari ne abincin daji?

Rabin magana aka kawo muku. Wani masani, Otto Warburg, ya lura ƙwayoyin daji suna zuƙar sikari fiye da kima, har ya ɗauka nan ne tushen cutar. Amma barin shayi ba ya kashe ƙari. In tsoron abinci kake ji, ji tsoron gyaɗa da masarar da suka yi funfuna a damshin Legas, gubarsu hanta take ci.

Mahaifiyata da yayata duk sun yi sankarar mama. Ni ma zan yi ke nan?

To, 'yar uwa, a nan ba zan yanke miki hukunci ba. Dajin da ake gada kai tsaye bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba. Amma mutum biyu a gida ɗaya ba abin wasa ba ne, musamman in ya kama su suna ƙasa da shekara 50. Wataƙila akwai lahani a ƙwayar gadon da ake kira BRCA1 ko BRCA2. Ko da mahaifiyarki tana da shi, rabi da rabi ne ki gada, kuma ko kin gada ba lallai ya tashi ba, sai dai haɗarinki ya fi na sauran mata sosai. Ta wajen uba ma yana biyowa, don haka ki tambayi labarin gwaggonninki. Gwajin yana da tsada, ba kowane asibiti ke yi ba. Ki je sashen masu daji na LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, ki faɗa wa likita wa da wa suka yi, suna shekara nawa. Shi zai ce ko ki fara hoton mama da wuri.

Gaskiya ne daji ba ya son ƙarfe?

Wannan maganar ta kai mutane da yawa kabari. Allurar ɗibar nama don gwaji ba ita ke baza shi ba. Wata shidan da kuka yi kuna shafe-shafe a gida ne ya ba shi fili.