Laimar ƙasa da itatuwa a hasashen damina: tambayoyi da amsoshi

Me masu hasashe ke dubawa tun rani bai wuce ba?

Teku, galibi. Hukumar NiMet, mai kula da yanayi a Najeriya, kan fitar da hasashen damina a farkon shekara, lokacin da gonakin Ringim da Ɗambatta suka bushe ƙayau. Ɗumin ruwan tekun Fasifik da na Atlantika, inda iskar damina ke taso mana, shi ne babban ma'auninsu.

To ina ruwan ƙasa a ciki?

Aikinta yana farawa ne bayan ruwa ya sauka. Jiƙaƙƙiyar ƙasa in rana ta buge ta tururi take fitarwa, iskar da ke kanta ta yi sanyi. Busasshiya kuwa zafi take turawa sama. Binciken da aka yi a yankin Sahel ya nuna hadarin yamma ya fi haɗuwa a kan busasshen wuri da ke maƙwabtaka da jiƙaƙƙe: iska mai laima ta kwararo wajen zafi, ta tashi sama, gajimare ya haɗu. Wannan na cikin dalilan da ruwa kan sheƙa a ƙauye guda ya tsallake na gaba, abin da hasashen jiha sukutum ba ya iya kamawa.

Da gaske sare itatuwa na korar ruwa?

Da ƙamshin gaskiya, amma akan zuzuta. A 1975, bayan farin 1973, masanin yanayi ɗan Amurka Jule Charney ya ce tsirarar ƙasa na mayar da hasken rana sama, ruwa ya ragu. Daga baya aka gano teku ce ta jawo farin, rashin ciyawa da itace ya ƙara masa tsanani. Saiwar itace kan zuƙo ruwa daga ƙasa can, ganye ya sake shi a iska.

Yaya ake auna laimar?

Da tauraron ɗan'adam, irin SMAP da aka harba a 2015. Kimanin santimita 5 na saman ƙasa kawai yake gani.

Laimar bara za ta faɗa mana yadda daminar bana za ta kasance?

A jigawa da wuya, domin rairayi ba ya riƙon ruwa, rani kuma dogo ne. Fadamun Haɗejiya sun fi riƙewa. A ganina, a nan laima ta fi amfani wajen hango makonnin da ke tafe a tsakiyar damina. Ranar shuka kuwa, bayan an saurari hasashe a rediyo, a tona da fartanya a ga ko ruwa ya ratsa kafin a zuba gero.