Juji kusa da filin jirgin sama da haɗarin tsuntsaye

Karon jirgi da tsuntsu haɗari ne da ke faruwa idan tsuntsu ya bugi jikin jirgin sama ko injin ya zuƙe shi. Galibi yana aukuwa ne ƙasa-ƙasa, lokacin tashi ko sauka, don haka duk abin da ke tara tsuntsaye a kewayen filin jirgi barazana ne. Babba daga cikinsu shi ne juji, musamman wanda ake zuba ragowar abinci da tarkacen mayanka.

Ƙarfin bugun yana ƙaruwa ne da gudun jirgin fiye da nauyin tsuntsun: in gudu ya ninka sau 2, ƙarfin ya ninka sau 4. Jirgin fasinja kan bar ƙasa da gudun da ya haura kilomita 250 a sa'a guda. A irin wannan gudu, tsuntsu mai kilo 2 ya isa ya lanƙwasa fuka-fukan farfelar gaban inji, ɓaraguzan su shige ciki, injin ya mutu. Garken tsuntsaye ya fi muni, domin yana iya kashe injina biyu lokaci guda. Haka ya faru a Bahir Dar ta ƙasar Habasha ranar 15 ga Satumba, 1988, inda garken hasbiya ya shiga injinan wani jirgi ƙirar Boeing 737 na kamfanin jiragen ƙasar, mutum 35 suka rasu. A ranar 15 ga Agusta, 2019, wani jirgi ƙirar Airbus A321 ya yi karo da tsuntsayen ruwa bayan tashi daga filin Zhukovsky kusa da Mosko, ya sauka a gonar masara, kowa ya tsira. Daga baya aka yi ta magana kan jujin da ke kusa da filin.

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta buƙaci a hana kafa juji kusa da filin jirgi, sai in bincike ya nuna ba zai tara tsuntsaye ba, kuma jagororinta suna kallon da'irar kilomita 13 daga filin. A Amurka ana son tazarar ƙafa 10,000, kimanin kilomita 3, tsakanin filin da jiragen jet ke sauka da abin da ke jan tsuntsaye. A Najeriya hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ce ke sa ido kan ƙa'idojin filaye.

Filin Jirgin Sama na Sir Abubakar Tafawa Balewa yana Durum, a wajen garin Bauchi kan hanyar Ningi, nesa da tsohon filin da gari ya cinye. Wannan nisa alheri ne, amma ba ya dawwama da kansa. Gari yana bin kwalta, kasuwa tana bin mutane, bola kuma tana bin kasuwa. Ramin da aka haƙa aka ɗebi jar ƙasa don aikin hanya yakan koma wurin juye shara ba tare da wani ya ba da izini ba, da damina kuma ya cika ya zama kududdufi.

Tsuntsayen wannan yanki sanannu ne ga kowa. Shirwa ita ce kan gaba: tana shawagi a kan juji da hantsi, tana bin iska mai ɗumi tana hawa sama har daidai inda jirgi mai sauka ke bi. Hankaka ba ya rabuwa da bola. Balbela tana bin shanu tana kuma kiwo a juji, da almuru ta koma makwancinta a jere. Shamuwa tana zuwa da farkon damina, ta sauka da yawa inda fari suka yi yawa. Babba-da-jaka yana iya kai kilo 8, kuma kayan ciki da ake zubarwa a kwata yake nema. Ungulu ta yi ƙaranci matuƙa, har a 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda haka kashe ta ko sa mata guba ba mafita ba ce, asara ce a kan asara.

Ba nisan juji kaɗai ake dubawa ba, har da ɓangaren da yake. In makwancin tsuntsaye yana gabas da titin jirgi, juji kuma yana yamma, to safe da yamma sai sun ratsa titin.

A juji mai tsari ana taƙaita wurin zuba shara na kowace rana, a danne ta da buldoza, a rufe da ƙasa mai kaurin kimanin santimita 15 kafin dare. Jini da tumbi da mushe a binne su nan take. Wasu wurare kan shimfiɗa raga a sama. Ƙona shara ba ya magani, haka ma cinna wa ciyawar filin wuta da rani: duk wanda ya ga gobarar daji ya san yadda shirwa ke taruwa a kan hayaƙi tana cafke ƙwarin da ke gudu.

A cikin shingen filin jirgi kuwa, ma'aikata kan kula da tsayin ciyawa, su zurare ruwan da ya kwanta, su yi sintiri kafin saukar jirgi, su kori tsuntsaye da harsashi mai ƙara da tartsatsi, da bindigar gas, da sautin kukan tsuntsu mai neman ceto. Tsuntsu yana sabawa da ƙara cikin ɗan lokaci muddin abincinsa yana nan, shi ya sa kora kaɗai ba ta isa. Ana rubuta kowane karon jirgi da tsuntsu, a adana gashin tsuntsun don a gane irinsa.

Mafi wuyar aikin yana wajen shinge, inda manajan fili ba shi da iko. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen jiha a hannun gwamna, kwashe shara kuma aikin hukumar kare muhalli ta jihar Bauchi, BASEPA, ne da ƙananan hukumomi. Don haka ake kafa kwamiti da ya haɗa su da hukumomin jiragen sama, da hakimai da sarkin fawa, a riƙa tuntuɓar filin jirgi kafin a ba da wurin juji, mayanka ko kasuwar dabbobi. Lokacin jigilar alhazai ya fi buƙatar sintiri, domin manyan jirage ne ke tashi cike da mutane da kaya.