Mene ne "awoyin hidimar al'umma" da ake nema wurin 'yan sakandare a Amurka?

Duk wanda yake da ɗa ko ƙane a makarantar sakandare a Amurka, da wuya a ce yaron bai taɓa shigowa gida da wata takarda mai layi-layi ba, yana cewa sai ya cika awoyinsa kafin zango ya ƙare. Akwai iyayen da gabansu kan faɗi da jin haka, kuma suna da hujja. A Turanci, sunan da ake kiran wannan aiki na hidimar al'umma, wato "community service", shi ne dai sunan hukuncin da alƙali kan yanke wa mai ƙaramin laifi, ya ce ya je ya yi shara ko kwasar bola maimakon zaman gidan yari. Suna ne kawai ya zo ɗaya. Na makaranta ba horo ba ne, hasali ma yaran da suka fi ƙoƙari a aji su aka fi nema da shi.

Abin da ake nufi shi ne lokacin da ɗalibi ya bayar yana yi wa makarantarsa ko mutanen garinsa aiki, ba a biya shi ko sisi ba, sannan wani babba da ya gan shi da idonsa ya sa hannu a takarda cewa lallai ya yi. Idan an biya shi, ya zama ƙwadago. Idan kuma babu sa hannu, to a wurin makaranta kamar bai yi ba, ko da ya wuni yana zufa.

Inda aka fi jin wannan magana shi ne a ƙungiyar zaƙaƙuran ɗalibai da ake kira National Honor Society, ko NHS a taƙaice. Ƙungiyar shugabannin makarantun sakandare ta Amurka ce ta kafa ta a 1921, kuma reshenta na farko yana wata makaranta mai suna Fifth Avenue a birnin Pittsburgh na jihar Pennsylvania, inda Edward Rynearson yake shugaba. Tun daga farko an ɗora ta kan ginshiƙai huɗu: ilimi, hidima, jagoranci da kyawun hali. Ranar karɓar sababbin 'yan ƙungiya, makarantu da yawa kan kunna kyandir huɗu a gaban iyaye, kowanne da ginshiƙin da yake wakilta.

Maki shi ne ƙofar farko. Ɗalibi sai ya kai aji 10 zuwa 12, wato kwatankwacin SS1 zuwa SS3 a Najeriya, kuma matsakaicin makinsa bai gaza 3.0 cikin 4.0 ba. Makaranta tana da ikon ɗaga wannan ma'auni sama, amma ba ta da ikon sauke shi. Bayan nan sai kwamitin malamai biyar da shugaban makaranta ya naɗa su zauna su duba sauran ginshiƙan uku. A nan ne yaro mai ƙwaƙwalwa, wanda bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba, yakan sha mamaki idan aka ce bai samu shiga ba. Laifinsa ɗaya, gurbin hidima a takardarsa fayau yake.

To awa nawa ake so? Hedikwatar ƙungiyar ba ta yanke adadi ba. Abin da ta ce shi ne kowane reshe ya yi aikin hidima na haɗin gwiwa a kowace shekara, kowane ɗan ƙungiya kuma ya zaɓi nasa aikin na ƙashin kansa. Lissafin awoyi an bar wa kowace makaranta ta rubuta a dokokin reshenta. Shi ya sa za ka ji wannan ta ce goma a zango, waccan ta ce talatin a shekara, wata kuma ta raba ta ce kaza a cikin makaranta, kaza a waje. Don haka idan ɗan 'yar'uwarki da ke wata jihar ya faɗa miki adadi, kada ki ɗora ɗanki a kai. Ki sa ya karɓo dokokin nasu reshen daga hannun malamin da ke kula da ƙungiyar.

Akwai kuma wasu awoyin daban da ake yawan cakuɗa su da waɗannan, wato na sharaɗin kammala makaranta, wanda ya hau kan kowane ɗalibi ko yana ƙungiya ko ba ya ciki. Jihar Maryland ta kafa wannan doka a 1992, tana neman awa 75. Makarantun gwamnati na birnin Washington suna neman 100. Abin bai tafi salin-alin ba. A garin Bethlehem na Pennsylvania, inda aka wajabta awa 60, wasu ɗalibai da iyayensu sun kai ƙara suna cewa wannan aikin tilas ne, irin wanda tsarin mulkin Amurka ya haramta lokacin da aka soke bauta. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yi watsi da hujjarsu a 1993. Ko awoyin da yaro ya yi don kammalawa za su shiga lissafin NHS, wannan ma kowane reshe da nasa hukuncin, kuma gara a tambaya tun da wuri.

Ita takardar ba wani abu ne mai wuya ba. Gurbi ne na kwanan wata, sai sunan wurin, sai abin da aka yi, sai lokacin shiga da na tashi, sai sa hannun mai kula da wurin da lambar wayarsa. Wasu makarantun sun mayar da ita intanet. A ce yarinya ta je rumbun raba abinci ga mabuƙata ranar Asabar da ƙarfe tara. Za a ba ta safar hannu, a tsayar da ita gaban dogon tebur, tana ɗaga gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya tana duba ranar lalacewarsu, tana ware na wake gefe, na tumatir gefe, tana cika kwali. Sha biyu ta yi, ta nemi matar da ke kula da wurin kafin ta shiga mota, ta miƙa mata biro. Awa uku ke nan. Idan ta bari sai bayan wata biyu, wataƙila matar ta bar aiki, ko kuma ta ce fuskoki sun yi mata yawa ba ta tuna ta ba.

Abin da yawanci ba a lissafawa shi ne aikin gida. Rainon ƙanne, wanke-wanke, tsare wa Baba shago, duk ana ɗaukarsu haƙƙin iyali ne. Aikin wurin ibada kuwa ya rabu. Makarantu da dama kan karɓi abin da ya amfani jama'a, kamar rabon abinci ko tattara rigunan sanyi, amma ba sa karɓar ibadar kanta ko wa'azi.

Nan ne abin ya fi damuna game da yaranmu. Mu mutane ne da muka san aikin gayya, muka san 'yan agaji a filin Idi, kuma ba mu taɓa jin wanda ya fito da littafi yana rubuta tsawon lokacin da ya yi yana taya maƙwabci yaɓe ba. An ma tarbiyyantar da mu a kan cewa alheri ɓoye shi ake yi, don tsoron riya. Sai ka ga yarinya duk watan azumi tana masallacin unguwa tun la'asar, tana shimfiɗa, tana raba kayan buɗa-baki, tana kwashe kwanuka bayan kowa ya watse, tana koya wa ƙanana aikin gida na lissafi, tana yi wa tsohuwar maƙwabciya tafinta wajen cika takardu. Na san wadda ta yi duk wannan, amma da watan Afrilu ya zo aka ce a kawo lissafi, ba ta da ko layi ɗaya a rubuce. Mahaifiyarta ce ta hana, tana cewa aikin Allah ba a kai shi gaban malamin boko. Haka yarinyar ta kwashe mako uku tana bin ɗakin karatu na gari da gidan tsofaffi a guje, ga jarrabawa a gabanta.

Ina ganin girman abin da uwar take karewa, amma ban yarda cewa takardar tana ɓata niyya ba. Niyya tana zuci, malamin da ke duba takardar ba shi da hanyar ganinta, kuma ba ita yake nema ba. Rajista ce yake cikawa, kamar ta kiran suna da safe. Wanda ya san ɗansa yana hidima a masallaci ko a wata ƙungiyar 'yan gari, ya samu liman ko sakatare su yarda su riƙa sa hannu, bayan yaron ya tabbatar da cewa makarantarsa tana karɓar irin wannan aiki.

Ina kuma ganin ya fi kyau yaro ya riƙe wuri ɗaya ya daɗe a ciki da ya riƙa tsinto awa ɗaya nan, awa biyu can. Fom ɗin Common App, wanda jami'o'in Amurka da yawa ke karɓar ɗalibai da shi, yana da gurbin ayyuka goma, kuma a kowanne yana tambayar awa nawa a mako, mako nawa a shekara. Wanda ya shekara biyu yana koyar da yara a wuri guda yana da abin faɗa, yana kuma da babban da ya san shi sosai har zai iya rubuta masa takardar shaida.

Ɗan NHS da ya gaza cika awoyinsa ba a korarsa daga ƙungiyar nan take. Ana fara ba shi gargaɗi a rubuce, a ba shi lokaci ya gyara. Idan abin ya ci tura, yana da haƙƙin ya bayyana gaban kwamitin malaman nan biyar ya faɗi uzurinsa kafin su yanke hukunci, kuma rashin lafiya ko rashin abin hawa uzuri ne da ya kamata a sanar da malamin ƙungiya tun kafin a kai nan. Amma dokar NHS ta ce wanda aka sallama, ko wanda ya ajiye da kansa, ba ya sake komawa cikinta.