Waiwaye: Mutanen da sarakuna suka ɗora wa gwada gaskiyar kuɗi

A farkon kowace shekara, a wani zaure na ƙungiyar maƙeran zinariya da ke birnin Landan, ana yin wani zaman kotu wanda ba a kawo ɓarawo ko mai kisan kai. Wanda ake tuhuma shi ne kuɗin ƙasar. Ana kawo dubban sulallan da gidan buga kuɗi na Birtaniya ya ware cikin shekara, alƙali ya rantsar da masana ƙarfe, su ƙirga, su auna, a narka wasu. Sunan zaman Trial of the Pyx, daga sunan akwatin da ake kulle sulallan a ciki. Asalinsa ya koma ƙarni na 12, kuma tun 1871 galibi a wannan zaure ake yin sa.

Dalilin wannan wahala shi ne, a da darajar kuɗi tana cikin jikinsa. Hatimin sarki a kan sulai alkawari ne cewa azurfar ciki ta kai kaza, nauyinta kaza. Talakan da ya sayar da hatsinsa ba shi da hanyar sanin ko an cika alkawarin, sai in akwai wanda aikinsa ke nan.

Mafi daɗewar bayani dalla-dalla kan irin wannan ma'aikaci ya fito ne daga Atina ta ƙasar Girka. A 1970 masu tonon tarihi suka gano wani dutse a tsohuwar kasuwar birnin, an rubuta dokar da aka kafa wajen shekara ta 375 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Dokar ta ce mai gwajin kuɗi, wanda suke kira dokimastes, ya zauna kullum a tsakanin teburan 'yan canji. Idan aka kawo masa sulai mai kyau, ya mayar wa mai shi. Idan ya tarar an lulluɓe dalma ko tagulla da azurfa, ya datse shi, a ƙwace. Ɗan kasuwar da ya ƙi karɓar kuɗin da ya tantance kuwa, za a ƙwace hajar da ya kasa a ranar. An kuma sa wani a tashar jiragen ruwa ta Piraeus.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne matsayin wannan mutum. Bawa ne mallakin gwamnati. Kalmarsa tana iya hana attajiri cinikin yini guda, amma in ya ƙi zama a wurinsa ko ya saɓa ƙa'ida, bulala 50 doka ta tanadar masa. Kasuwar gari sukutum a kan idonsa da yatsunsa ta dogara, shi kuwa ko kansa bai mallaka ba.

Kayan aikin ba su da yawa: sikeli, kunne mai jin amon ƙarfe, da baƙin dutsen da ake goga zinariya a kai a kwatanta launin zanen da na zinariyar da aka san ingancinta. Duk macen da ta taɓa kai gwal ɗinta kasuwa a Kano ta ga jikan wannan dutse. Gwaji mafi tsanani shi ne na wuta. A haɗa azurfar da dalma a ɗan kaskon da aka yi da tokar ƙashi, a hura wuta, kaskon ya shanye dalmar tare da dattin, a auna tsantsar da ta rage.

A daular Musulunci, Halifa Abdulmalik bin Marwan ya fitar da dinarin da rubutu kaɗai ke jikinsa a shekara ta 77 bayan Hijira, nauyinsa miskali ɗaya, wajen giram 4.25. Wannan miskali ne fatake suka riƙa auna zinariyar Afirka ta Yamma da shi ƙarnuka da dama. Muhtasibi, wato jami'in hisba, yana bin kasuwa yana sa ido kan 'yan canji da maƙeran fari, a Masar kuma wani ma'aikacin gidan buga kuɗi, Ibn Ba'ra, ya rubuta yadda ake tace zinariya da gwada ta a zamanin Sarki al-Kamil, cikin ƙarni na 13.

Ingila ta fara ne da takobi. A ƙarshen 1124 Sarki Henry na Ɗaya ya sa aka tara masu buga kuɗi a Winchester bisa zargin algus, aka yanke wa da yawansu hannun dama, aka kuma dandaƙe su. Azabar ba ta maye gurbin awo ba. A 1300 aka yi doka cewa kada a sayar da kayan azurfa sai an gwada an buga musu tambarin kan damisa, a kan ƙa'idar kashi 925 cikin 1000. A 1478 aka naɗa mai gwaji na dindindin mai albashi.

Zaman akwatin nan ya bambanta da duk waɗannan, domin shi ba ɗan jabun kasuwa yake nema ba. Gidan buga kuɗin sarki da kansa ake bincika, kuma shugaban gidan ne zai amsa. Ko Isaac Newton, masanin kimiyyar nan da ya riƙe gidan daga 1699, bai tsira ba. A 1710 masu gwaji suka ce sulallansa na zinariya sun gaza. Ransa ya ɓaci, ya tsaya kai da fata cewa faifan zinariyar da aka kwatanta kuɗin da shi, wanda aka yi a 1707, shi ne ya zarce ƙa'ida wajen tsarki. Daga baya aka koma amfani da tsohon faifan.

Amurka ta kwaikwayi tsarin da dokar 1792, ta soke hukumar da ke yin gwajin a 1980, bayan azurfa ta fita daga kuɗin da ake kashewa. Birtaniya ta cire azurfa daga nata tun 1947, amma har yau ana kai akwatunan zauren maƙera a auna nauyi da faɗi da haɗin ƙarfen, sannan a dawo bayan 'yan watanni a karanta hukunci.