Waiwaye: Korayen akwatunan wasiƙa na birnin Dublin

A titunan Dublin, babban birnin Ireland, har yau akwai akwatunan jefa wasiƙa na zubin ƙarfe, tsaye kamar ginshiƙi a bakin hanya, an shafe su da koren fenti. Wanda ya matso kusa zai ga kambin sarauta da haruffan VR, tambarin Sarauniya Victoria, sun taso a ƙarƙashin fentin. A gindin wasu ma ana iya karanta sunan Handyside, kamfanin garin Derby na Ingila da ya zuba su.

Asalin abin daga tsibirin Jersey ne, wanda ke tsakanin Ingila da Faransa. Anthony Trollope, ma'aikacin gidan waya da ya daɗe yana aiki a Ireland, ya ba da shawarar a kwaikwayi Faransa, aka kafa na farko a St Helier, babban birnin tsibirin, a 1852. Landan ta samu nata a 1855. Da can kore ne launinsu, sai jama'a suka yi ƙorafin ba sa hango su, daga 1874 aka fara mayar da su ja.

Da Ireland ta samu mulkin kanta daga Birtaniya a 1922, sabuwar gwamnati ba ta tumɓuke su ba. Fenti kawai ta canza. Sababbin da aka zuba daga baya ne suka zo da tambarin ƙasar. Ga mutanen da suka zubar da jini kafin su rabu da Birtaniya, wannan ba ƙaramin haƙuri ba ne. Kar a manta, babban gidan wayar Dublin shi ne sansanin 'yan tawayen 1916. A Edinburgh kuwa, babban birnin Scotland, a 1953 sai da aka tarwatsa wani akwati da abin fashewa saboda tambarin Elizabeth ta 2.

A ganina Dublin ta yi dabara. Yaron da ya shafa haruffan nan ya tambayi ma'anarsu, ya shiga darasin tarihi ke nan. A 2016, cikar shekara 100 da tawayen, hukumar gidan waya ta Ireland, An Post, ta mayar da wasu kaɗan ja na ɗan lokaci, don a ga yadda titunan suke a wancan zamani. Abin da ke barazana gare su yanzu tsatsa ce da raguwar masu aika wasiƙa, kuma in ɗaya ya lalace, samun mai zuba irinsa sai an tona.